An Ninka Guraben Ɗaliban Likitanci, Ina Aka Kwana a Kan Manhaja da Jarrabawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin shugabannin jami'o'i, da na asibitocin koyarwa, da gwamnatocin jihohin da ke ta buɗe sababbin kwalejojin likitanci, a kan wani al'amari da ba a cika fito da shi bainar jama'a ba, alhali ya shafi duk wanda wata rana zai kwanta a gadon asibiti. Al'amarin shi ne yadda ake tsara manhajar karatun likita, da yadda ake auna ko ta yi aikin da aka tsara ta dominsa.

Abubuwa biyu ne suka sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS wanda ya maye gurbin tsohon tsarin, BMAS. Ita ta rubuta kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Bayan haka, kamar yadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sha bayyanawa, an ƙara guraben ɗaukar ɗaliban likitanci daga kusan 5,000 zuwa kusan 10,000 a shekara, domin cike giɓin da likitocin da ke ficewa ƙasashen waje suke bari. Ba ma adawa da ko ɗaya daga ciki, Arewa ma ta fi kowa ƙishin likitoci. Damuwarmu ita ce idan aka zuba ninkin ɗalibai a kan manhajar da ba a sake duba ta ba, da jarrabawar da ba ta iya bambance wanda ya iya aiki da wanda ya haddace takarda, yawan masu digiri zai ƙaru, ingancin hannun da ke duba marasa lafiya kuwa ya ragu.

Ga yadda karatun yake a yawancin makarantunmu. Shekara shida ce idan yajin aiki bai shiga ba. Ta farko ta share fage ce a kimiyya. Daga nan sai kimanin wata goma sha takwas na ilimin sassan jiki, da na yadda gaɓoɓi ke aiki, da na sinadaran jiki, sannan babbar jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai da dama. Wanda ya tsallake sai ya shiga asibiti, ya yi ilimin cututtuka da na magunguna, ya bi sashen yara, da na mata da haihuwa, da na cututtukan manya, da tiyata, da lafiyar al'umma. Idan ya gama, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta ba shi rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, kimanin wata uku-uku a manyan sassa huɗu, kafin cikakkiyar rajista da hidimar ƙasa.

Wannan tsari na kimiyya tukuna, mara lafiya daga baya, gado ne daga Ingila. Da shi aka fara a Ibadan a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, Zariya ta bi sahu a 1967, kuma rahoton Abraham Flexner na 1910 a Amurka ya riga ya ƙara kafa shi a duniya. Ya fitar da manyan likitoci, babu mai musu. Aibinsa shi ne kowane sashe yana rubuta nasa jerin darussa shi kaɗai, yana kuma kare sa'o'insa kamar gonar gado. Sai ka tarar an koyar da hawan jini sau huɗu ko biyar a sassa daban-daban, babu malamin da ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Abubuwan da ba na kowane sashe ba kuwa sai su faɗi ƙasa: yadda ake rubuta takardar magani ba kuskure, yadda ake miƙa mara lafiya ga abokin aiki a lokacin canjin aiki, yadda ake sanar da iyali rasuwa, yadda ake neman amincewar mace a yi mata tiyata alhali mijin da ake jira ya sa hannu yana kasuwar wani gari. Jijiyoyin da ɗalibi ya haddace a aji biyu kuma sun gudu daga kansa kafin ya tsaya a ɗakin tiyata a aji biyar.

Manhaja mai kyau daga ƙarshe ake fara tsara ta. Tambayar farko ita ce: me wannan ɗalibi zai iya yi da hannunsa ranar da ya tsinci kansa shi kaɗai? A Arewa wannan rana ba ta da nisa. Shekara ɗaya bayan kammalawa, ɗan hidimar ƙasa a babban asibitin ƙaramar hukuma yakan zama shi kaɗai ne likitan da ke bakin aiki da dare.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi dalla-dalla. An kawo mai cikin wata takwas tsakar dare tana jijjiga. Manhajar da ta rubuta cewa ɗalibi "ya san jijjigar masu ciki" ba ta faɗi komai ba, domin babu yadda za a auna wannan sanin. Wadda aka rubuta da kyau za ta ce ɗalibin da ya gama aji biyar zai kwantar da matar ta gefen hagu, ya tabbatar hanyar numfashinta a buɗe take, ya sa mata kanula, wato siririyar robar da ake sakawa a jijiya domin ba da ruwa da magani, ya haɗa allurar maganiziyam salfet da kansa. Kwalbar da aka saba samu mai ƙarfin kashi 50 ce, kuma ba a tura ta a jijiya haka. Zai zuƙi mililita 8, wato giram 4, ya ƙara ruwan allura mililita 12 ya zama 20, ya tura a hankali cikin aƙalla minti biyar, sannan ya yi giram 5 a kowane ɓangaren ɗuwawu. Bayan kowace awa huɗu, kafin ya ƙara giram 5, sai ya duba abu uku: ƙafa tana harbawa idan an bugi gwiwa, numfashi bai gaza 16 a minti ba, fitsarin da ke zuba a jaka bai gaza mililita 30 a awa ba. Zai san cewa idan numfashi ya yi ƙasa, makarin maganin shi ne kalsiyam gulukonet giram ɗaya, kuma zai tabbatar yana kusa tun kafin ya fara. Zai sauko da hawan jinin, ya kuma gane cewa maganin ciwon na gaskiya shi ne raba ta da cikin, saboda haka ya yanke shawara da wuri: a nan za ta haihu, ko a tura ta gaba?

Idan an rubuta manufa haka, sauran abubuwa su ke biyo ta da kansu. Malamin ilimin gaɓoɓi ya san dalilin da zai sa ya koyar da yadda ƙoda ke fitar da maganiziyam. Malamin magunguna ya san lissafin da zai sa ɗalibai su yi da sirinji a hannu. Mai shirya jarrabawa ya san abin da zai tsaya ya gani. George Miller, masanin ilimin koyar da likitanci, ya bayyana wannan a 1990 da matakai huɗu: ɗalibi ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna ya iya, sannan ya yi a kan mara lafiya na gaske. Yawancin koyarwarmu da jarrabawarmu a matakai biyu na farko suke tsayawa.

To, daga ina za a samo jerin abin da ya kamata a iya? Ba daga babin littattafan da aka rubuta a Landan ba. Kwamitin manhaja ya ɗauko rajistar sashen gaggawa na manya da na yara, da ta ɗakin haihuwa, da ta masu zuwa ganin likita su koma gida, ta shekara biyu ko uku, daga asibitin koyarwa da kuma aƙalla manyan asibitocin ƙananan hukumomi uku. A fitar da ƙorafin da ke kawo mutane, ba sunan cuta ba: zazzaɓi da suma a yaro, kumburin jiki, tari fiye da mako biyu, zubar jini bayan haihuwa, ciwon ciki mai tsanani, rauni daga haɗarin babur ko harbi. Jami'ar Kalgari a Kanada ta gina manhajarta gaba ɗaya a kan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe kimanin 120, kuma adadi mai kama da wannan ya isa. Kowane ɗaya a auna shi da ma'auni uku: yawan faruwarsa, haɗarinsa ga rai, da kuma ko abin da likita zai yi a awa ta farko yana canza sakamako. Wanda ya haɗa ukun shi ke cin lokaci mafi yawa.

A nan kashi 30 na CCMAS yake da amfani, kuma a nan muke tsoron a ɓarnatar da shi wajen raba wa sassa ƙarin sa'o'in lacca don kowa ya samu rabonsa. Yankinmu yana da darussan da ba a samu a ko'ina kamar nan. Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, ita ce kuma kan gaba a yawan jariran da ake haifa da sikila. Sanƙarau yana dawowa da zafin bazara, kamar yadda aka gani a 1996 da kuma 2017 a Zamfara da Sakkwato. Mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ya tarar da likitoci matasa da yawa ba su taɓa ganin farar fatar da yake shimfiɗawa a maƙogwaro ba. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ga tamowa, ga yoyon fitsari, ga saran kububuwa. Kuma wuraren koyon waɗannan suna nan: asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, asibitin masu saran maciji a Kaltungo, asibitin cutar noma mai cin baki da fuska a Sakkwato. Mako biyu a ɗaya daga cikinsu, da jerin abin da za a koya a rubuce, ya fi lacca ashirin. Haka nan ya kamata ɗaukar bayanin mara lafiya da yi masa bayani da Hausa, ko ta bakin tafinta idan Fulatanci ko Barbarci yake ji, ya zama darasi mai maki, tunda da Turanci ake karatun amma ba da shi ake aikin ba.

Duk abin da aka ƙara, dole a cire wani. Wannan shi ne wurin da kwamitoci suke ja da baya, domin babu farfesan da yake son a ce darasinsa ne za a rage. Amma mako yana da iyaka. Ɗalibin da ake yi wa lacca daga takwas na safe zuwa biyar na yamma ba shi da lokacin karatu, balle na zama gefen gado. A ganinmu, a shekarun asibiti bai kamata lacca ta wuce awa ɗaya ko biyu a rana ba. Jami'ar Ibadan ta sake fasalin manhajarta a 2010, ta haɗa darussa bisa tsarin gaɓoɓin jiki da ƙwarewar da ake so, saboda haka akwai wanda za a tambaya a cikin gida yadda aka sha wahalar da yadda aka wuce ta.

Akwai kuma matsalar tsufan darasi. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet a kan kwinin wajen zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a yara, kuma ƙa'idar yanzu ita ce miligiram 2.4 a kowane kilo, amma miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Ya nuna cewa auna jinin da mai jego ta zubar da leda mai ma'auni, da haɗa matakan magani a yi su lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100. Binciken da aka yi a ɗakunan haihuwarmu ne. Idan manhaja ba ta da hanyar shigar da irin wannan cikin shekara guda, ɗalibi zai haddace tsohon bayani daga takardar da ya gada wurin na gaba da shi, ya ci jarrabawa da ita.

Yanzu lissafin da ya kamata a yi kafin a karɓi ƙarin gurbi. A ɗauka makaranta tana ɗaukar 150, an mayar da ita 300. Ɗakin lacca ana iya faɗaɗa shi cikin wata shida. Marasa lafiya da malamai ba sa ninkuwa haka. Koyarwa a gefen gado tana yiwuwa da ɗalibai shida zuwa takwas. Idan suka kai talatin, na gaba huɗu ne suke ganin abin da ake nunawa, na tsakiya suna jin murya, na baya suna duba waya, uwar yaron da aka kewaye kuma ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu wanda zai sa hannu ya taɓa saifar da ta kumbura sai mutum biyu, domin na uku yana zuwa yaron ya fara kuka. Idan an ce kowane ɗalibi ya karɓi haihuwa goma da hannunsa kafin ya gama, ɗalibai 300 suna buƙatar haihuwa 3,000 a shekara, ban da rabon ɗaliban ungozoma da likitoci masu neman ƙwarewa. Inda adadin bai kai ba, abin da ke faruwa sananne ne: littafin da ake sa wa ɗalibi hannu a kan aikin da ya yi sai ya cika da sa hannun alfarma a makon ƙarshe.

Mafita ita ce a fitar da koyarwa daga asibitin koyarwa kaɗai. Ilori ta daɗe da shirinta na COBES mai kai ɗalibai cikin al'umma tun daga shekarun farko, Zariya tana da cibiyar lafiya ta Yakawada, Kano tana da ta Kumbotso. A ƙara da asibitocin ƙwararru na jihohi, da cibiyoyin lafiya na tarayya, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Sai dai tura ɗalibai waje ba tare da shiri ba yawon buɗe ido ne. Kowane wuri yana buƙatar yarjejeniya a rubuce, da likita guda mai suna wanda aka horar aka kuma biya shi alawus na koyarwa, da masauki da mota, da duba lafiyar hanya a wannan zamani na rashin tsaro, da malami daga kwaleji mai zuwa duk mako biyu ya ga abin da ake yi. A gefe guda kuma a gina ɗakin koyon aiki a kan gumakan roba, inda ɗalibi zai sa kanula, da robar fitsari, da farfaɗo da jariri da jakar numfashi sau da yawa kafin ya taɓa mutum. Gumakan da aka saya aka kulle a kabad don kada su lalace ba su koyar da kowa ba. Ɗakin yana buƙatar ma'aikaci na dindindin da kasafin kayan da ke ƙarewa.

A rubuta kuma mafi ƙarancin makonnin da kowane zagaye, wato zaman da ɗalibi yake yi a sashe ɗaya na asibiti, zai ɗauka, waɗanda ba a taɓawa ko da me ya faru. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma bayan irinsa akan matse zagayen mako takwas ya koma huɗu, ko aji biyu su haɗu a ɗaki ɗaya. Gara a jinkirta yaye ɗalibai da a yaye wanda ya ga sashen yara na wata guda.

Sai jarrabawa, wadda a wurin ɗalibi ita ce manhajar gaskiya. Abin da ake tambaya shi yake karantawa, komai aka rubuta a kundin kwaleji. Tsohuwar hanyar ba ɗalibi mara lafiya guda ya yi awa ɗaya da shi, sannan ya gabatar gaban malamai biyu, tana da amfani wajen koyarwa, amma a matsayin hukuncin ƙarshe sa'a ta yi mata yawa. Wani zai samu mai ciwon suga da ya san ciwonsa ya kuma iya bayani, wani ya samu tsohon da ba ya ji sosai. Wani ya faɗa hannun malami mai sauƙi, wani mai tsanani. Kuma ba wanda ya ga yadda ɗalibin ya yi tambaya ko ya duba jikin. Rahotonsa kawai aka ji. Saboda haka Ronald Harden ya fito da tsarin jarrabawar aiki mai suna OSCE a Dandi ta Sikotland a 1975: tashoshi da yawa, kowane ɗalibi ya bi dukkansu, a kowace tasha malami yana kallon aiki guda yana cike takardar maki iri ɗaya.

Makarantunmu da yawa sun karɓi wannan tsari, amma ana gurɓata shi ta hanya biyu. Ta farko, a rage tashoshi zuwa biyar ko shida, alhali sai sun kai goma sha biyu zuwa sama kafin makin ya zama abin dogaro, domin iya duba ƙirji ba ya nuna iya duba ciki. Ta biyu, a mayar da tasha wurin ajiye hoto da tambaya a rubuce, wanda jarrabawar takarda ce aka yi a tsaye. Dalilin duka biyun ƙarancin malamai ne, kuma ga lissafinsa. Tasha 15, kowace minti shida, zagaye ɗaya awa ɗaya da rabi ne, yana ɗaukar ɗalibai 15. Ɗalibai 300 zagaye 20 ke nan, awa 30. Don a gama a yini ɗaya, kada tambayoyi su fita, sai an jera layi huɗu a lokaci guda, wato malamai 60 da marasa lafiya ko masu kwaikwayonsu da aka horar, a darasi ɗaya kacal. Kwalejin da ba za ta iya tara wannan ba ta san gurbin da ta karɓa ya fi ƙarfinta.

A jarrabawar takarda, tambayoyin gaskiya ko ƙarya masu cire maki idan an kuskure suna auna haddar ƙananan bayanai da ƙarfin halin yin caca. Tambaya mai ɗan labarin mara lafiya da zaɓin amsa mafi dacewa guda ɗaya ta fi auna tunani. Kafin a rubuta ko tambaya ɗaya, a zana jadawali: ƙorafe-ƙorafen nan a jere daga sama zuwa ƙasa, ayyukan likita a jere a kwance, wato gano cuta, gwaji, magani, rigakafi da ɗa'ar aiki, a raba adadin tambayoyi bisa nauyin kowane gida. In ba haka ba, jarrabawa takan cika da cutar da malamin da ya fi kawo tambayoyi yake bincike a kanta.

Makin cin jarrabawa 50 ne a al'adarmu, amma 50 a takarda mai sauƙi ba daidai yake da 50 a mai wuya ba. Hanyar Angoff tana gyara wannan. Malamai shida zuwa takwas su zauna, su fara yarda a kan siffar ɗalibin da yake daidai bakin iyaka, wanda za a iya bar wa mara lafiya amma da ƙyar. Sai a bi tambayoyi ɗaya-ɗaya, kowa ya ƙiyasta cikin irin waɗannan ɗalibai 100 nawa za su amsa daidai. Matsakaicin ƙiyasin shi ne makin wucewa, sannan a daidaita shi ya zama 50 a takardar sakamako. Bayan jarrabawa a bi kowace tambaya da kwamfuta: kashi nawa suka ci ta, kuma kashi 27 na ɗaliban da suka fi maki sun fi kashi 27 na ƙasa cin ta? Tambayar da raunana suka fi gwanaye ci, galibi amsar da aka ajiye ce ba daidai ba, ko an rubuta ta da harshen damo. A cire ta kafin a fitar da sakamako. Aikin yini ɗaya ne, kuma yana iya ceton ɗalibin da za a kora bisa kuskuren malami.

Auna manhajar kanta wani aiki ne daban da auna ɗalibi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Yawan waɗanda suka ci jarrabawa ba hujja ba ne, tunda mu muka koyar, mu muka tambaya, mu muka ba da maki. Ziyarar tantancewa ta NUC da MDCN tana da muhimmanci, amma bayan shekaru take zuwa, ta fi kuma ƙirga gine-gine, gadaje da sunayen malamai, abubuwan da ake iya shiryawa domin kwana ukun ziyarar. Kwaleji tana buƙatar nata ma'aunin na kowace shekara. A ƙarshen kowane zagaye ɗalibai su cike takarda ba suna, da tambayoyin da ake iya ƙirgawa: darasi nawa aka tsara, nawa aka yi, sau nawa malami ya tsaya ya kalle ka kana duba mara lafiya. Tambayar ko ka ji daɗin zagayen ba ta da amfani sosai. Dole kuma a sanar da su abin da aka canza saboda amsarsu, in ba haka ba shekara mai zuwa za su cike ta da ka.

Ma'aunin da ya fi kowanne faɗin gaskiya yana wajen kwaleji. Wata shida bayan yaye ɗalibai, a bi su inda suke aikin sanin makama, a tambaye su aiki ɗaya-ɗaya: ranar da ka fara, ka iya ɗebo ruwan laka a yaro? Ka iya lissafin ruwan da za a ƙara wa mai tamowa ba tare da ka cika masa zuciya ba? A yi wa manyan likitocin da ke kula da su, da manyan ma'aikatan jinya na ɗakunan, irin tambayoyin. Ma'aikatan jinya sukan riga kowa sanin sabon likitan da hannunsa ke rawa. Idan kashi mai yawa suka ce ba su iya abu kaza ba, a koma a gano inda ya ɓace: ba a sa shi a manhaja ba, an sa ba a koyar ba, ko an koyar ba a taɓa tambayarsa a jarrabawa ba? Kowanne da maganinsa daban. Rahoton malaman da ake gayyatowa daga wasu jami'o'i su sa ido a jarrabawa shi ma a karanta shi a zaman kwamiti, a rubuta amsar kowace shawara da sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo bayani.

Duk wannan ba ya tafiya sai da sashen ilimin koyar da likitanci mai ma'aikata da kasafi, da kwamitin manhaja wanda yake da ikon rage sa'o'in wani sashe ya ƙara wa wani, da wakilan ɗalibai da na asibitocin jiha a cikinsa. Ƙwarewa a tiyata ba ta sa mutum ya iya rubuta tambaya ko tsara darasi; horo ake yi, kuma ya kamata koyarwa ta yi nauyi a ƙarin girma kamar yadda wallafa bincike yake yi, tunda malami yana zuba ƙarfinsa ne inda ake duba shi.

Roƙonmu ga MDCN da NUC shi ne, a duk ziyarar tantancewa da duk buƙatar ƙarin gurbi, su nemi takardu uku kafin su duba gini: jadawalin jarrabawar ƙarshe tare da nazarin tambayoyinta, lissafin haihuwa da gadaje da malaman da suke a ƙasa idan an raba su da yawan ɗalibai, da sakamakon bin sawun waɗanda aka yaye a shekara biyu da suka wuce. Gwamnonin da ke gina sababbin kwalejoji kuma su sa kuɗin ɗaukar malamai da gyaran asibitocin da ɗaliban za su koyi aiki a cikin kasafin farko, tun ɗalibansu suna aji ɗaya, domin shekara uku kawai ke tsakaninsu da ranar da za su shiga ɗakin marasa lafiya.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wasu malaman kwalejojin likitanci,
daga Zariya, Kano da Sakkwato.